Taku Biyun Baba Gabriel

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Baba Gabriel har shekara goma sha tara, kuma katangar ma ba ta kai kafaɗata ba. In matarsa ta ɗora manja a wuta, ni nake fara tari kafin 'ya'yanta. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, ba a majalisa na ji labarinsa ba. Sunana Sajo. A aji huɗu na tsaya, na yi acaɓa shekara goma sha ɗaya, yanzu facin keke nake yi a Layin 'Yan Kwano, nan tsakiyar Potiskum.

Baba Gabriel Tibi ne, mutumin Binuwai. Yana saurayi ya zo garin nan tare da ma'aikatan hanya. Aikinsa jan igiyar awo: shi ne mai riƙe bakin igiya yana ja da baya har sai oga ya ce ya tsaya. Bai taɓa zama injiniya ba ko na yini ɗaya. Ni na raɗa masa Injiniya don tsokana, sunan ya bi shi, har limamin cocinsu ya koma kiransa da shi. Ya yi shekara talatin da ɗaya a Potiskum. Ya iya gaisuwar Ngizim da ta Bolewa, abin da ni da aka haifa a nan ban gama iyawa ba. Yana da baƙin keke wanda ya girmi aurena, in zai hau sai ya danne bakin wandonsa da abin shanya.

Ciwonsa ɗaya ne, awo. Ba ya tafiya kamar mutane, ƙidaya yake yi. Ka gaishe shi a hanya, sai ya ɗaga maka yatsa, leɓensa na motsi, sai ya kai inda zai kai sannan ya juyo ya amsa. A wurinsa na ji cewa layinmu taku ɗari biyu da arba'in ne daga bakin babban titi zuwa ƙofar bayan kasuwa, faɗinsa kuma taku goma sha huɗu.

Wannan layin, kafin tashin hankali, ba wurin mai ƙafa ba ne. Manyan motoci na sauke kaya, masu shago sun baje kwanuka da bokitai har tsakiyar hanya, mu kuma 'yan acaɓa muna kutsawa ta duk inda kan babur zai shiga. A nan wani ɗan acaɓa ya matse 'yar Baba Gabriel, Nguavese, tsakanin mota da bango, tana shekara tara, an aike ta sayen gishiri. Ba ni ba ne, kafin wani ya tambaya. Ƙafar ta karye, da ta warke sai ta fi ɗayar gajarta. Yarinyar ta girma, ta yi aure a garinsu, da ɗingishinta.

Tun daga ranar uban ya samu abin da zai cinye sauran rayuwarsa. Ya samo babbar takarda ya zana layinmu kaf, kowace ƙofa da kowane shago. Ta gefen gabas ya ware taku biyu, daga farko har ƙarshe, ya ce wannan na masu ƙafa ne da masu keke. Tsakaninsu da motoci kuma a dasa bishiya duk bayan taku goma, don mota ba ta jin magana amma tana jin bishiya. Abin da yake so ke nan a duniya, taku biyu. Shekara goma sha uku yana kai takardar nan ofis-ofis. A karɓa, a yaba, a ce ya dawo wata mai zuwa, in ya dawo an nemi takarda an rasa. Sai ya koma gida ya zana wata.

Ni kuwa na samu abin yi. In na gan shi ya ɗaure naɗin takarda a bayan keke, sai in rage gudu in jera da shi.

"Injiniya, ina za a kai tabarma?"

"Ofis."

"Ka gaishe su. Ka ce a ware taku ɗaya na kaji, su ma ana take su."

"Sajo, ranar da ka sauka daga kan babur ɗin nan za ka neme ni."

"Ranar sai dai in a makara aka sauke ni, Baba."

Ba a makara aka sauke ni ba. Sanarwa ce ta sauke ni. Da abin ya yi tsanani a garin nan, ana harbe mutane daga kan babur, sai aka wayi gari an hana hawansa gaba ɗaya. Na tura nawa ɗaki na rufe shi da tsohon bargo. Bayan mako biyu na leƙa ta katanga na ce, "Injiniya, wai ta ina ake cire tayar baya?" Bai yi mini dariya ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ya fito da akwatin kayan aikinsa ya zaunar da ni a ƙofar gida ya koya mini faci. Sana'ar da nake ci da ita yau, a hannunsa na same ta.

A cikin watannin nan jami'an tsaro suka tare a wani tsohon gini da ke ƙarshen layinmu. Suka jera ganguna cike da yashi a baki biyun layin, ba mota mai shiga. In ka zo shinge da keke sai ka sauka ka tura, ka ɗaga rigarka a ga cikinka. Ƙarfe shida na yamma kowa ya shige gida. Mutanen coci suka fara tafiya. Noah mai kemis ya tafi, malaman makaranta biyu da ke haya a bayanmu suka tafi, wani ma ko labulensa bai cire ba.

Mutum ɗaya na gani a Potiskum wanda shinge ya sa shi fara'a. Layin ya yi tsit, tsofaffi na tafiya a tsakiyar hanya ba mai yi musu oda, yara na koyon keke. Baba Gabriel ya fito da kujera da ɗan littafi, yana rubuta yawan masu wucewa: ƙarfe kaza mutum kaza a ƙafa, mutum kaza a keke. Na ce, "Baba, gari na cin wuta kai kana ƙirga ƙafafu." Ya ce, "Wutar za ta mutu, Sajo. Ranar da ta mutu za a kwashe gangunan nan, motoci su dawo. In sun dawo sun tarar da bishiya a tsaye, an gama. In ba su tarar ba, shi ke nan, har abada."

Matarsa, Mama Mnena, ba ta ga abin fara'a ba. Ta katanga na ji su wata ranar Lahadi da rana, sun dawo daga cocin da bai cika layi uku ba. Da Hausa take masa faɗa in ranta ya ɓaci sosai, ina jin don unguwa ta shaida.

"Nguavese ta kira sau uku. Ɗaki yana nan ta share mana. Me muke jira, sai an kawo mana gawar juna?"

"Ki ba ni damina ɗaya."

"Ka ce damina ɗaya bara."

"Bara babu shinge. In na dasa suka kama, na ga ganye sabo, ki ɗaure kaya, ko mu zauna, duk wanda kika zaɓa."

"Bishiya ce za ta binne ka?"

"A nan na tsufa, Mnena. Ban bar komai a garin nan ba sai sunan tsokana."

Na so in ce wani abu ta saman katangar, don sunan nawa ne. Matata Fanne ta daka mini harara, na haɗiye.

Wannan karon Baba Gabriel bai je ofis ba. Wurin mai unguwa Abatcha ya je, dattijo mai haƙuri wanda ya gaji sarautar a lokacin da ba mai son ta. Abatcha ya tara masu shago. Kowa ya ce to, ban da Bubayaro, mai babban shagon kwanuka, wanda rabin kayansa a cikin taku biyun nan suke kwana. Ya ce, "Yau a ce in ja kayana baya don keke, gobe a ce in rufe don jaki." Abatcha ya lallashe shi, ya ce ai ba mota yanzu, ya baje ta ɗaya gefen. Ya yarda yana ƙunƙuni.

Baba Gabriel ya kwaɓa farar ƙasa a bokiti, ni na riƙe masa bakin igiya, ya ja layi fari tun daga shinge har shinge. Kwanakin farko abin dariya ne. Hanya gaba ɗaya fili, kowa na bin inda ya ga dama, shi kaɗai ne yake tuƙa kekensa a cikin layin, ƙeya a miƙe. Ina zaune a rumfata nake ce masa, "Injiniya, a hankali, cunkoso ya yi yawa a titinka." Amma kafin wata ya ƙare 'yan makaranta suka fara bi, wai don su gwada wanda zai tuƙa bai taɓa farin ba. Mata masu tallar nono suka bi don gefen ya fi inuwa da safe. Na daina wannan tsokanar na nemi wata.

Saura bishiya. Ya yi magana da wani mai renon dashe a hanyar Mamudo, ya ce a kawo dogon yaro guda ashirin da huɗu. Ya je shinge ya yi wa babban jami'an bayani, wani dogo mai tabo a haɓa, har mutumin ya ce a dasa ɗaya kusa da inda suke zama don rana na dukansu. Na tambaye shi me ya sa dogon yaro, ba mangwaro ba, ko ma sha. Ya ce saboda ɗaci, akuya ba ta ci.

Ranar Laraba, bayan ruwan farko, mai amalanke ya taso da dashen tun hantsi. A kowane shinge sai an sauke an duba an mayar. Bai iso layinmu ba sai biyar da rabi. Ƙananan dashe ne, kowanne a cikin baƙar leda cike da ƙasa, tsawonsu bai fi kamu ɗaya ba.

Na ce, "Baba, mu shigar da su gidanka, gobe ma fito da su."

Ya ce, "A aikin hanya ba a haƙa rami sai an jera kaya a inda za su zauna, an koma baya an duba da ido. Haka aka koya mini."

"Saura rabin awa a kore mu."

"Ya isa."

Ya dinga takawa yana ƙirgawa, duk taku goma ya ajiye leda ɗaya a kan farin layi. Da ya gama ya koma bakin shinge ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya sa ni na matsar da ta bakwai da ta sha biyar da ɗan yatsa. Sai aka busa usur. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Gobe da sassafe ka fito da digarka." Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Abu biyu ne bai sani ba. Na ɗaya, da yammacin nan aka canza mutanen shinge, dogon nan da yaransa aka tura su wajen Damagum, aka kawo sababbi da ba su san kowa ba. Na biyu, awakina.

Ina da awaki uku a lokacin. Ba mai shiga daji yankan ciyawa, dusa ta yi wuya, sun rame har suna cin kwali. Ƙofar garkensu da robar cikin taya nake ɗaure ta, robar kuma ta saki. Fanne ta yi mini magana da magariba, na ce ta bar su, dokar hana fita ta mutane ce. Da gari ya waye na gan su kwance a tsakar gida, ciki ya yi tim, suna tuƙa, bakin babbar da koren ganye.

Ban kai ga ɗaukar diga ba na ji gudu a waje. Na leƙa. Abin da mutane suka gani shi ne baƙaƙen ledoji ashirin da huɗu, ɗaure, a jere, tazararsu ɗaya kamar an auna, sun nufi ginin jami'an tsaro, kowacce da ɗan siririn abu a tsaye a samanta kamar waya. Ko ganye ɗaya awakin nan ba su bari ba. A shekarun nan leda ɗaya aka yar a bakin hanya tana watsa kasuwa. Ko mu da muka san mene ne, sai da muka ja da baya. Masu shagon da suka san maganar dashe ba su tsaya yin bayani ba, su ne ma a gaba wajen gudu.

Kafin ƙarfe bakwai an kewaye layin. Aka fito da duk namijin da ke ciki, aka zaunar da mu a ƙasa can bakin babban titi, hannu a ka. Mun kai mu sittin. Sabon babban nasu, gajere mai jan ido, da alama bai yi barci ba kwana biyu, ya tsaya a gabanmu.

"Wa ya ajiye waɗancan?"

Baba Gabriel ya sauke hannu ɗaya daga kansa ya ɗaga shi sama, kamar ɗan makaranta.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Bishiya ce. Dogon yaro."

"Bishiya."

"Na gaya wa wanda yake nan jiya. Mai unguwa ma ya sani."

Abatcha ya ce haka ne, ya sani. Aka ce masa ya rufe baki sai an tambaye shi.

"In bishiya ce, ina ganyen?"

Baba Gabriel ya juya ya hangi ledojin. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya juyo ya dube ni. Bai daɗe ba, kamar ƙiftawar ido biyu.

"Akuya ta ci, ranka ya daɗe."

"Akuyar wa?"

Ina da baki. Duk Potiskum an san ina da baki, na taɓa tsokanar mai gawa a wurin zaman makoki har ya yi dariya. A wannan safiyar akwai wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero a gaban gwiwata, ita na tsaya kallo. A kwanakin nan wanda ya ce "ni na sani" tare ake tafiya da shi, kuma ba kowa ke dawowa ba. Ina da yara huɗu. Wannan duk gaskiya ne, na kuma faɗa wa kaina shi sau da yawa.

"Ban sani ba," in ji Baba Gabriel.

Aka shiga gidansa. Aka fito da takardar nan: zanen layi, kowace ƙofa, shinge biyu, ginin jami'an, da alamar kuros duk bayan taku goma. Aka fito da littafin da ya rubuta ƙarfe nawa mutane suka fi yawa. In ni ne mai jan idon nan, ban san abin da zan yi tunani ba in ba abin da ya yi tunani ba. Aka sa Baba Gabriel a mota da silifas ɗaya.

Masu duba irin waɗannan abubuwa sai daga Damaturu. A rana ta uku suka zo, suka fasa ledojin ɗaya bayan ɗaya, suka samu ƙasa da kashin shanu. Amma takardun sun riga sun wuce gaba, kuma layin ya zauna a rufe kwana tara, ba shago a buɗe, mu mazauna ta lungun baya muke fita. Abatcha kullum yana can yana zaman jira a ƙofar inda aka kai Baba Gabriel. A rana ta huɗu Mama Mnena ta zo ƙofata. Ba ta taɓa yi mini sallama ta ƙofa ba, kullum ta katanga ne.

"Sajo, kai ka riƙe masa igiya. Ka bi mai unguwa gobe ka faɗa musu abin da ka gani."

Na ce zazzaɓi nake yi, in na ji sauƙi zan je. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta juya. Washegari na ja awakin ta lungun baya na kai su kasuwar dabbobi. Fanne ta yi kwana uku tana ajiye mini tuwo ba ta zauna kusa.

Ranar da aka buɗe layin masu shago suka taru a zauren Abatcha. Mai tumatir kayansa sun ruɓe, mai burodi ya zubar, kowa da zafinsa. Bubayaro ya miƙe.

"Na faɗa tun farko. Mutum ya zo daga wata uwa duniya zai tsara mana inda za mu taka. Yau ga shi ya kusa sa an harbe mu a ƙofar shagunanmu."

Abatcha ya ce, "Alhaji, shekararsa talatin da ɗaya a nan. Kafin ka buɗe shago yana layin nan."

"Ko ɗari ya yi, baƙo ne."

Wurin ya yi nauyi, ni kuma ba na iya zama a wuri mai nauyi. Na ce, "Ku yi masa adalci. Injiniya ya yi alkawarin zai rage cunkoso, ga shi kwana tara ko kare bai bi ba." Aka kwashe da dariya, har da mai tumatir. Na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye ba. A cikin dariyar aka yanke cewa a goge farin layi, kuma kada wanda ya sake ajiye ko tukunyar fure a hanyar. Abatcha ya duba fuskoki yana neman wanda zai ce a'a, ya zo kaina, ya wuce.

Kwana goma sha ɗaya Baba Gabriel ya yi a tsare. Abatcha ne ya kawo shi a amalanke daga bakin shinge, don ƙafafunsa sun kumbura ba sa shiga takalmi. Bai taɓa faɗa mini abin da ya faru a can ba, ban kuma tambaya ba. Da la'asar na shiga gaishe shi. Yana zaune a tabarma, ƙafa cikin roba da ruwan ɗumi.

"Injiniya, an dawo daga kwas?"

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Akwai wanda ya rayu a cikinsu? Dogon yaro ko an cinye ganyen yana tohowa, in saiwar na nan."

Na ce an kwashe su da shebur an zuba a kwata. Na gaya masa abin da aka yanke a zaure, ban da abin da ni na faɗa. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, awakin nan nawa ne."

"Na sani. Babbar tana da yankakken kofato, na ga sawunta daga inda nake zaune."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba nawa ba ne in faɗa. Na ɗauka za ka zo. Duk safiya in an buɗe ƙofa sai in ce yau Sajo ne, zai shigo da surutunsa ya sa su dariya su sake ni." Ya motsa ƙafa a cikin ruwan. "Kwana goma sha ɗaya. Ka san ni da ƙirga."

Mama Mnena ta zo ta ɗauki robar ta ce zai kwanta.

Duk da haka bai haƙura ba, wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Bayan mako guda ya dogara sanda ya je shagon Bubayaro. Ina jin su daga rumfata. Ya ce ba ashirin da huɗu ba, guda shida kawai, daga ƙofar makarantar allo zuwa kwanar famfo, inda yara suka fi bi. Ya ce da rana tsaka za a dasa, a gaban kowa, shi zai yi musu shinge da ƙaya. Bubayaro yana jera kwanuka a kan inda farin layi yake a da, bai ko juyo ba.

"Baba, ba ku da ƙasa a garinku ne? Ka je can ka shuka."

Baba Gabriel ya gyara riƙon sandarsa. Ya ce, "To, Alhaji. A yi kasuwa lafiya." Ya juyo gida. Na lura leɓensa ba ya motsi.

Ba su jira ƙarshen damina ba. Ranar tafiyar, motar da za ta kai su tasha ta tsaya a bayan ganguna, muka yi ta jigilar kaya a ka da amalanke. Mama Mnena ta ba Fanne tukwanenta biyu da turmi, suka rungume juna suna kuka. Ni ko kallo ban samu ba. A shinge aka sa tsohon ya ɗaga riga kamar kowa, ya ɗaga, haƙarƙarinsa duk a waje. Da zai shiga mota na ce, "Injiniya, in ka gyara titin garinku ka aiko mini in zo in buɗe." Ya ce, "Ka gaida yara, Sajo." Mama Mnena ta ja ƙofa.

Bayan shekara ɗaya da wani abu jami'an suka tashi daga ginin, aka kwashe gangunan. Motoci suka dawo, ga Keke Napep kuma da suka maye gurbin babur, sun fi mu rashin kunya. A watan farko Bubayaro ya zuba siminti a gaban shagonsa ya kafa rumfar kwano. Na kusa da shi ya ga haka ya yi. Kafin azumi gefen gabas ya cika tun daga babban titi har ƙofar kasuwa. Ni ma na ja rumfata gaba, na kafa ƙarafa biyu na rufa. In ban ci wurin ba mai shayi zai ci, ya riga ya fara ajiye benci.

Nguavese ce ta kira Fanne bara ta ce Baba ya rasu, bayan doguwar jinya. Fanne ta yi mata ta'aziyya, ta miƙo mini wayar, na yi mata alama da hannu cewa ba na nan.

Autata ta shiga aji ɗaya bana. Makarantar tana ƙarshen layinmu, ana hango ƙofarta daga rumfata. Ba na barin ta ta bi ta nan. Duk safiya sai in rufe akwatin faci, in kama hannunta mu zagaya ta lungun baya, ta gefen kwata, mu ɓullo ta bayan kasuwa. Tana ta mita wai hanyar ta yi nisa kuma tana wari. Nakan ce mata ta toshe hanci ta ɗaga ƙafa.